Madugun Makaɗa

Kakansa, an ce, madugu ne,
ya sha kai ayari Gwanja ya komo da goro.
Shi Issaka Tanko bai gaji ko jaki ɗaya ba,
sai dai iya tafiya da mutane.

A Nima aka binne cibiyarsa.
Ya fara da busa a bataliyar 'yan sanda,
yana ɗan sha bakwai, leɓe a tsage, takalmi na aro,
har Saje Kwate ya damƙa masa wani littafi
mai layuka biyar-biyar da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda,
ya ce, "Karanta. Akwai ƙara a ciki."
Daga nan jirgin ruwa ya ɗauke shi a Tema.
Sanyi shida ya ci a ƙasar da rana ke rowa,
ya dawo Accra da kwat ɗaya,
da akwatin takardu, da ɗan tsinken sanda.

Tsohuwarsa ta zo kallo sau ɗaya tak.
Da aka tashi ta ce, "Kai wanne ka kaɗa?"
Ya ce, "Ko ɗaya, Inna."
"Ka juya wa manya baya, ba ka kaɗa komai ba,
to, a kan me ake biyanka?"
Shekara talatin yana ba mu wannan labari,
bai taɓa faɗa mana amsar da ya bayar ba.

Ni ce a kujera ta huɗu, layin masu goge,
'yar mai wake da shinkafa ta bakin tasha.
Ranar farko ya tsayar da mutum arba'in da biyu saboda ni:
"Hajo, kina gudu. Wa ya koro ki?"
Na so ƙasa ta tsage.
Da Ajowa yana yaren Asante, da Nii yana Ga,
amma in rai ya ɓaci, kowa da Hausa yake shan nasa.

Albashi ya kan yi wata uku a hanya.
Rufin zauren na yoyo, mun san inda ake ajiye bokiti.
Ya kawo mana wani tsohon Dagomba mai gogen ƙwarya,
ya zaunar da shi tsakiyarmu, mu masu takarda,
ya ce, "Kada ku dubi yatsunsa.
Ku ji inda yake yin shiru."

Sai daren da aka ɗauke wuta
muna tsakiyar kiɗa mai nauyi, zaure cike.
Ba takarda, ba sanda, ba fuskar kowa.
Na ji ya ja numfashi ta hanci,
wannan jan da muka sani kamar tarin mahaifinmu,
muka faɗa tare, mu duka,
muka kai ayari gida a cikin duhu.
Wata mata a baya ta rangaɗa guɗa
a inda ba a guɗa.
Bai hana ta ba.

Da tsufa ya zo, ta hannun dama ya shigo.
Sanda ta riƙa rawar da ba shi ya sa ta ba.
Muka daina kallonta, muka koma kan girarsa,
shi kuma ya yi kamar bai gane ba.

Yanzu yaransa sun watsu:
ɗaya na jan makaɗa a Kumasi, biyu a coci, ɗaya a soja,
Nii ya bari, yana gyaran firji a Kaneshi.
Sandar na wurin matarsa, Hajiya Lantana,
da ita take zaro carbi in ya faɗa bayan gado.

Ni kuwa ran Asabar, a wani aji a Mamobi,
yara tara, goge biyar, ana karɓa-karɓa.
Jiya wani ɗan ƙarami ya sheƙa a guje ya bar sauran.
Kafin in yi tunani, baki ya riga ni:
"Kai, Mumuni. Wa ya koro ka?"